Walda da rini: kalma guda, asali biyu

A 'yan kwanakin nan da wuya a ji labarin shirin tallafa wa matasa ba a raba injinan walda ba, kuma masu rabon suna magana kamar sana'ar hannu ta soma ne ranar da lantarki ya shigo gari. Ita kanta kalmar walda aro ce daga Turancin welder, wato mai yin weld. To amma weld a Turanci kalmomi biyu ne da suka haɗu a rubutu guda, babu dangin iya babu na baba. Ta haɗa ƙarfe ta samo asali daga well, tafasa ko ɓuɓɓugowa, domin sai maƙeri ya zuga ƙarfe ya yi fari yana tartsatsi kafin ya haɗe shi da guduma, yadda maƙeranmu suke yi tun kaka da kakanni. Wajen ƙarshen ƙarni na 16 harafin d ya manne mata.

Ɗaya weld ɗin ita aka manta. Sunan tsiro ne, Reseda luteola, wanda marinan Turai suka shafe ƙarnoni suna dafawa da alam su rina ulu ya koma rawaya. Idan aka ɗora shi a kan shuɗi sai a sami koren tufafin da garin Lincoln ya yi suna da shi. 'Yar'uwar kalmar, gualda, har yau ita ce sunan launin da ke tsakiyar tutar Sifen, kamar yadda rawaya a Hausa sunan tsiro ne da ake rini da saiwarsa. A 1856 William Perkin ya haɗa rinin sinadari a Ingila, kuma daga baya gonakin weld suka zama tarihi. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fito da shuɗin sinadari kasuwa, wanda shi ne ya bi baba har cikin marinarmu.

Za a ce na sinadari ya fi araha da sauri, kuma walda ce ke ciyar da gida yau. Gaskiya ne, babu mai cewa a daina raba inji. Sai dai inji ana sayo shi da kuɗi duk ranar da aka so. Sanin yadda ake haɗa baba da toka, a gane ruwa ya nuna daga kumfarsa, yana kan dattawa ƙalilan. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, ramukanta da yawa sun bushe. Ya kamata masu tsara waɗannan shirye-shirye su sa rini a jerin sana'o'in da suke ɗaukar nauyin koyarwa tun masu koyarwar suna raye.