Me ya sa amfilifaya mai bawul ba muryarsu ɗaya ba?

Yau zancen amfilifayar jita zan yi, mai 'yan kwalaben gilashin nan da ake kira bawul. Manyan cikinsu ne ke tura ƙarfi zuwa lasifika.

Fender ta Amurka ta fi amfani da 6L6, wanda RCA ta fitar a 1936. Muryarsa garau take, ga kauri, yana kuma jure ƙara. Marshall ta Ingila kuwa EL34 ta riƙe. Shi da wuri yake shaƙewa ya kama gurnani, abin da makaɗan rok ke nema ke nan. Ita Vox AC30 da Beatles suka yi kiɗa da ita, EL84 huɗu gare ta, ƙanana masu kaifin murya.

Amma ni a kunnena, sai an ƙure ƙara bambancin ke fitowa sosai.

To sai gargaɗi. Kada ka cire 6L6 ka cusa EL34 don ka ga ya shiga ramin. EL34 amfiya 1.5 yake ja wajen ɗumama, 6L6 kuwa 0.9, taransifoma na iya ƙonewa. Wutar ciki ma takan haura bolt 400, ko an kashe tana saura. Ka kai wa mai gyara.

Sai shiri na gaba.