Tsere Da Amanar Jiki: Nasiha Ga Masu Gudun Asuba A Ƙasar Gumel

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Duk wanda ya saba halartar sallar Asuba a Gumel ko Maigatari ya san cewa da zarar an sallame, akwai wasu bayin Allah da ke soma nasu aikin a gefen kwalta. Matasa ne bibbiyu ko uku-uku, wasu da takalmin gudu na gwanjo, wasu da na roba, suna bin hanyar da ta tashi daga Gumel zuwa bakin iyaka, ko wadda ta nufi Gagarawa ko Sule Tankarkar. A cikinsu akwai ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel, da 'yan ƙwallon unguwa, da masu shirin zuwa tantancewar shiga soja ko ɗan sanda, da magidantan da likita ya ce su motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon suga. Ba su da mai horarwa, ba su da likitan ƙungiya, kuma babu mai biyan su ko sisi.

Abin takaicin shi ne da yawansu ba sa daɗewa. Wani gwiwa ce ke zaunar da shi, wani kuma himmarsa ce ke mutuwa bayan makonni kaɗan. In aka duba da kyau, tushen matsalolin biyu ɗaya ne, wato ɗora wa jiki abin da bai kai ɗauka ba, cikin gaggawa. Sunnar Annabi (SAW) kuwa ta zo da ma'auni a wannan babi tun kafin a san kimiyyar wasanni.

Tsere a zamanin Annabi

Da farko, babu wata tababa kan halascin tseren ƙafa. Abu Dawuda da Imam Ahmad sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA) a wata tafiya, ta wuce shi. Bayan shekaru, lokacin da jikinta ya yi nauyi, suka sake, ya wuce ta, ya yi mata raha cewa wannan ramuwar waccan ce. A riwayar Ahmad, sai da ya umarci sahabbai su yi gaba kafin su fara. Malamai sun fahimci abu biyu daga nan: mace ma tana da haƙƙin motsa jikinta, kuma ana nema mata wurin da sutura za ta tabbata.

A cikin sahabbai akwai Salama ɗan Akwa'i (RA), wanda ya yi suna wajen gudu. Imam Muslim ya kawo labarinsa a yaƙin Zu Ƙarad, inda ya bi sawun mahayan da suka kore raƙuman Annabi (SAW) da ƙafa, yana harbinsu da kibau. A hanyar komawa Madina wani mutumin Ansar da ba a taɓa wuce shi ba ya nemi abokin tsere. Salama ya nemi izinin Annabi, aka ba shi. Shi da kansa ya ba da labarin cewa bai saki ƙarfinsa gaba ɗaya tun farko ba, sai da ya riƙa sassautawa don ya adana numfashinsa, sannan daga baya ya ƙara wuta, ya cim ma mutumin, ya riga shi shiga Madina. Wannan shi ne darasin farko da masu horar da 'yan gudun fanfalaki ke koyarwa a yau: wanda ya ƙone ƙarfinsa a farkon hanya ba ya ganin ƙarshenta.

Dokin da aka horar da wanda ba a horar ba

Mutanen masarautar Gumel sun san doki, sun kuma san cewa ba a ɗauko doki daga turke a kai shi sukuwa mai nisa rana ɗaya. Imam Malik a cikin Muwaɗɗa, da Buhari da Muslim, sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (RA) cewa Annabi (SAW) ya shirya tseren dawaki gida biyu. Dawakin da aka horar aka rage musu kitse sun tashi daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, tazarar da aka ƙiyasta da mil 5 ko 6. Waɗanda ba a horar ba kuwa, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ kawai suka tsaya, kimanin mil 1.

Idan dabba ta samu wannan adalci, ɗan Adam ya fi cancanta da shi. Saurayin da ya shekara bai yi gudu ba, sai ya ji an buɗe ɗaukar soja, ya tashi ya ce zai yi kilomita 15 kullum, ya sa kansa a sahun dokin da aka horar alhali bai horu ba. Masana lafiya sun bayyana dalilin: zuciya da huhu suna saurin sabawa da aiki, amma ƙashi da jijiyoyi suna buƙatar lokaci mai tsawo kafin su yi ƙwari. Shi ya sa mutum zai ji numfashinsa ya buɗe, ya ɗauka ya ƙware, sai ciwon ƙwauri ko na gwiwa ko na dunduniya ya taso masa. Masu horarwa da yawa suna ba da shawarar kada ƙarin da mutum zai yi a mako ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da ya yi a makon baya, kuma a bar ranakun hutu a tsakani. Mai farawa ya haɗa tafiya da sassarfa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da baligi ke buƙata a mako shi ne aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki, ko minti 75 na mai ƙarfi. Minti 30 sau biyar a mako ya cika wannan.

Bazara, hunturu da azumi

Yanayin arewacin Jigawa yana da nasa hukunci. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma gudu da rana tsaka a irin wannan lokaci jefa kai ne cikin halaka, abin da Alƙur'ani ya hana a Suratul Baƙara. Idan aka ga mai gudu ya soma tangaɗi, ko amai, ko magana ba kan gado, to a kai shi inuwa nan take, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita, a garzaya da shi asibiti, domin bugun zafi yana kisa. Masu sikila, har da masu ɗauke da rabinta, da masu ciwon zuciya, su nemi shawarar likita kafin su fara. A lokacin hunturu kuma ƙurar hazo kan tayar da asma, don haka ranar da hazo ya yi kauri an fi so a rage. Sannan a tuna da manyan motocin da ke kai-komo, musamman ranar Alhamis da kasuwar Maigatari ke ci: a riƙa bin gefen da ake fuskantar mota mai zuwa, a sa tufa mai haske.

A shekarun 2023 da 2024 azumin Ramadan ya faɗo cikin Maris da Afrilu, a 2025 kuma cikin Maris, lokacin da zafi ke kankama. Gudun sha'awa ba ya cikin uzurorin da shari'a ta yarda a sha azumi dominsu, saboda haka bai dace mutum ya gajiyar da kansa da gangan har ya kasa kai azuminsa ba. Mafita ita ce a rage yawa, a mayar da shi bayan buɗa-baki ko bayan Tarawihi. Farilla tana gaban mustahabbi, balle abin da yake halas kawai.

Haƙuri daban, taurin kai daban

Al'adarmu tana yabon juriya, har akan ga tsayawa saboda ciwo kamar ragwanta ce. Amma Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga wani mutum mai suna Abu Isra'ila tsaye cikin rana saboda bakancen da ya yi, sai ya umarce shi ya zauna, ya shiga inuwa, ya cika azuminsa kawai. Ya kuma ga wani dattijo ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu don ya yi alwashin zuwa Ka'aba da ƙafa, sai ya bayyana cewa Allah ba Ya buƙatar azabtar da kai irin wannan, ya ce ya hau abin hawa. Ya tunatar da Abdullahi ɗan Amru (RA), mai yawan azumi da tsayuwar dare, cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Idan ba a yarda a cutar da jiki da sunan ibada ba, ta yaya za a yarda da hakan da sunan atisaye?

Akwai bambanci tsakanin tsamin jiki da rauni. Tsamin jiki yakan game gaɓoɓi, ya lafa cikin kwana biyu ko uku. Rauni kuwa yakan tsaya wuri ɗaya, ya ƙaru in ana gudu, ya zo da kumburi ko ɗingishi. Ciwon da mutum zai iya nuna wurinsa da yatsa ɗaya a kan ƙashin ƙwauri yana iya zama tsagewar ƙashi, wadda in aka ci gaba da taka ta sai ta zama karaya. Irin wannan asibiti ake kai shi a duba, kafin a je wurin mai ɗori ko mai tausa.

Mafi muni shi ne rufe bakin ciwo da ƙwaya. Ciwo ɗan aike ne, wanda ya kashe ɗan aike kuwa bai kashe saƙon ba. Shan magungunan kashe zafi barkatai, musamman a jikin da ya rasa ruwa, yana cutar da ƙoda da ciki. Tramadol kuma tana kama mutum har ya kasa rabuwa da ita, shan ta ba da umarnin likita ba yana shiga babin abin da ke gusar da hankali da cutar da jiki, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa tun daga Janairun 2024. Iyaye su lura: ba duk mai fita gudu da asuba ne ya tsira daga wannan ba.

Wanda ya ji rauni kuma, addini ya sauƙaƙa masa. Annabi (SAW) ya ba Imrana ɗan Husaini (RA) izinin yin salla a zaune idan ya kasa tsayuwa, ko a kishingiɗe idan ya kasa zama. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin shafa a kan bandeji ko ɗori yayin alwala idan wankewa za ta cutar. Zaman jinya da neman lada wurin Allah shi ne haƙurin gaskiya, kuma an yi alkawarin kankare zunubi ga mumini ko da ƙaya ce ta soke shi.

Gasa da kyauta

Gasannin gudu suna ƙaruwa a Nijeriya. Na Legas, mai tsawon kilomita 42.195, an fara shi a 2016, Kaduna kuma ta yi nata na kilomita 21 a Nuwamban 2020. Game da kyauta, hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya ambaci raƙuma da dawaki da harbi. Malikiyya sun tsaya kan waɗannan ukun wajen sanya lada, suka halatta tseren ƙafa ba tare da lada ba, Hanafiyya kuwa suka shigar da shi cikin abin da ake sa wa lada. Malamai da yawa na wannan zamani suna ganin halascin kyautar da gwamnati ko kamfani ko wani mai hali ya bayar daga aljihunsa. A wurin mafi yawan malamai, idan matasa biyu suka zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, ko 'yan kallo suka yi haka a kansu, wannan caca ce. Haka nan a kiyaye al'aura, wando ya rufe daga cibiya zuwa gwiwa, kuma kada gasa ta ci lokacin salla.

Idan himma ta yi sanyi

Kowane mai gudu yana da ranar da shimfiɗa ta fi hanya daɗi. Wanda ya fara don a gani a yaba, ko don hoton da zai ɗora a Facebook, himmarsa tana ƙarewa ranar da masu yabo suka gaji. Wanda ya fara don shiga soja kawai, yakan ajiye takalmi ranar da sunansa bai fito ba. Amma wanda ya ƙulla niyyar kiyaye lafiyar da Allah Ya ba shi amana, don ya iya tsayuwar dare, ya yi noma, ya ciyar da iyalinsa, ya yi ɗawafi da sa'ayi da ƙafafunsa, to dalilinsa ba ya tsufa. Sa'ayi kaɗai, tsakanin Safa da Marwa sau bakwai, ya kai kimanin kilomita 3. Muslim ya ruwaito cewa mumini mai ƙarfi ya fi soyuwa ga Allah a kan mai rauni, tare da cewa kowannensu yana da alheri, kuma a ƙarshen hadisin aka hana mutum zama yana cizon yatsa kan abin da ya wuce.

Hicham El Guerrouj na Maroko misali ne a nan. Ya faɗi ana tsakiyar tseren ƙarshe na mita 1,500 a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, ya ƙare a baya. A Sydney a 2000 ɗan Kenya Noah Ngeny ya wuce shi dab da layi. Sai a Athens a 2004, bayan shekara 8, ya ci zinare biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. An faɗi wannan a kan ibada, amma hikimarsa ta game komai. Minti 20 da za a riƙe shekara guda sun fi awa biyu da za a bari bayan mako uku. A nemi abokin kirki da za a riƙa tashin juna, a fara da sallar Asuba cikin jam'i da azkar, sannan a kama hanya. Malaman makarantu da shugabannin matasa a ƙananan hukumomin nan huɗu za su iya taimakawa da shirya ƙananan gasanni da sanyin safiya, a raba masu farawa da waɗanda suka horu kamar yadda aka raba dawakin Madina, a tanadi ruwa da ma'aikacin lafiya.

Za a tambayi kowane bawa ranar Alƙiyama game da jikinsa, a me ya ƙarar da shi. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu yi rige-rige zuwa ga alheri. Allah ne Mafi sani.