Tambayar Turanci da ke cinye makin ɗalibai a WAEC, alhali amsarta na bakinka

Idan kana Garbadu ko cikin garin Talata Mafara, kana shirin zana WAEC ko NECO don neman gurbi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau ko Jami'ar Tarayya ta Gusau, ka san ba a shiga sai da kiredit a Turanci. To akwai wata tambaya da kusan kullum take fitowa a sashen karanta labari a amsa. Za a ja layi a ƙarƙashin wasu kalmomi, a ce: wane suna ake ba wannan a nahawu, kuma mene ne aikinsa? Da yawa a nan suke tsallakewa. Ni kuwa na ce maka tun kana yaro kake amfani da amsar, da Hausa.

Duba wannan jimla: "Manoma sun shuka shinkafa." Yanzu ka ce: "Manoman da suka shuka shinkafa sun samu riba." Ka lura? "Sun" ta koma "suka", ga kuma "da" ta shigo. Wannan guntun, "da suka shuka shinkafa", shi ne ke gaya mana waɗanne manoma ake nufi. Shi Bature yake kira relative clause, wasu littattafan kuma adjectival clause. Inda muke da "da", "wanda", "wadda", "waɗanda", su suna da who, whom, which, that da whose.

Mu ɗauki misali daga gida. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ita ke shayar da gonakin yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun. Sai a rubuta: "The farmers who use water from Bakolori Dam grow rice."

Ga dabara. Cire duk abin da ya zo kafin "grow", ka sa "They". Jimlar ta tsaya daram: "They grow rice." Wannan guntun da wakilin suna ɗaya ya maye gurbinsa, yankin suna ne, wato noun phrase. Aikinsa a nan shi ne aikau, subject na "grow". A cikinsa kuma akwai "who use water from Bakolori Dam". Idan a ƙarƙashin wannan aka ja layi, amsarka relative clause ce, aikinta kuwa bayyana sunan "farmers". Ka rubuta sunan, ka rubuta aikin, ka ambaci kalmar da ake bayyanawa. Rabin amsa rabin maki ne.

Sai kuskuren da Hausa ke jawo mana. Mukan ce "mutumin da na ba shi kuɗi", sai a juya shi kai tsaye: "the man who I gave him money". A Turanci "who" ta riga ta tsaya a madadin mutumin, don haka "him" ta zama ƙari. Daidai shi ne "the man I gave money to" ko "the man to whom I gave money".

Na ƙarshe, waƙafi. Wannan kam har a WhatsApp yana iya haɗa rigima. Magidanci ya rubuta: "My wife, who lives in Gusau, is ill." Ma'ana mata ɗaya gare shi, zaman Gusau ƙarin bayani ne kawai. Idan ya cire waƙafin biyu, ya zama "My wife who lives in Gusau is ill", ya nuna akwai wata a wani garin, ta Gusau ce ba ta da lafiya. Ka ga ɗigon tawada ya ƙara masa aure!

Yau da dare, kafin ka shiga TikTok, ɗauki labari ɗaya na Turanci a wayarka. Nemo jimla uku masu who, which ko that. Fassara kowace zuwa Hausa, ka ga inda "da" ta faɗo, sannan ka gwada sa "he", "it" ko "they". Ke ma 'yar'uwa, haka za ki yi. Ranar jarrabawa, idan kun ga layin nan a ƙarƙashin kalmomi, ku fara da tambayar: wane suna wannan guntun yake bayyanawa?