Yadda masaƙun Ingila suka ci gumin yara kafin doka ta tura su makaranta

Lokacin da injunan kaɗi da saƙa suka yaɗu a Ingila a ƙarshen ƙarni na 18, yara na cikin ma'aikatan da masu masaƙu suka fi nema. Ladansu kaɗan ne, ba sa musu, kuma ƙanƙantarsu na ba su damar rarrafawa ƙarƙashin inji yana aiki domin tsince auduga. Da yawa kan yi sa'o'i 12 ko fiye a yini. Wasu sun rasa yatsu, wasu kuma ƙurar auduga ta lalata musu huhu.

Unguwannin da suke kwana ba su fi masaƙar dama ba, saboda cunkoso da gurɓataccen ruwa. Rahoton Edwin Chadwick na 1842 ya nuna cewa matsakaicin shekarun mutuwa a gidajen leburorin Manchester 17 ne, alhali a karkarar Rutland 38 ne. Yawan mutuwar ƙananan yara ne ya ja adadin ƙasa haka.

Majalisar Birtaniya ta yi dokoki a 1802 da 1819, amma sun tsaya a takarda, domin babu jami'an da za su tilasta bin su. Dokar Masana'antu ta 1833 ce ta kawo sauyi. Ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba a yawancin masaƙu, ta taƙaita aikin 'yan shekara 9 zuwa 13 ga sa'o'i 48 a mako, ta kuma wajabta musu karatun sa'o'i biyu kullum. Mafi muhimmanci, ta naɗa sufetoci, duk da cewa huɗu ne kacal ga ƙasar baki ɗaya.

Aikinsu bai zo da sauƙi ba. Rajistar haihuwa ta gwamnati ba ta fara ba sai 1837, don haka iyayen da talauci ya matsa wa kan ƙara wa 'ya'yansu shekaru. Wasu makarantun masaƙun kuwa suna ne kawai, har sufetoci sun tarar da malaman da ba su iya rubuta sunansu ba.

Abin da ya fi janye yara daga bakin inji shi ne makarantar dole, wadda aka wajabta a 1880 ga 'yan shekara 5 zuwa 10, aka kuma sauke wa yawancin iyaye kuɗinta a 1891. Duk da haka, tsarin rabin yini a masaƙa, rabi a aji, ya ci gaba har dokar ilimi ta 1918 ta soke shi.