Karatun kasuwanci: Wace takarda masu ɗaukar aiki ke yarda da ita?

Da zarar sakamakon jarrabawar BAC ya fito, iyalai da dama a Dakoro, arewacin jihar Maradi, kan shiga lissafin dabbobi ko buhunan geron da za a sayar domin tura yaro karatun kasuwanci da gudanarwa. Sai dai ba kowace takardar shaida ce ke samar da aiki ba, kuma darajarta ta danganta ne da inda za a kai ta.

A Turai da Amurka, manyan kamfanoni na bai wa sunan makaranta muhimmanci. Shi ya sa makarantu irin su Harvard da INSEAD da HEC Paris ke gogayya a jadawalin jaridar Financial Times, wanda ke la'akari da albashin ɗalibai shekara 3 bayan kammalawa, da na kamfanin QS, wanda ke jin ra'ayin masu ɗaukar aiki kai tsaye. Ana kuma duba ko makaranta na da tantancewar AACSB ko EQUIS ko AMBA. A Najeriya, Lagos Business School na cikin masu wannan shaida.

A ƙasashe renon Faransa kuwa, tambayar da aka fi yi ita ce ko gwamnati da hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu, sun amince da takardar. Cibiyar CESAG ta Dakar, da ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO, ta yi suna wajen horar da ma'aikatan banki. Kusa da gida, Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa na da tsangayar shari'a da tattalin arziki da gudanarwa.

A Dakoro kanta, guraben aikin ofis sun fi yawa a ƙungiyoyin agaji da asusun lamuni da ma'aikatar magajin gari. A nan abin da mutum ya iya ake nema: lissafin kuɗi bisa tsarin SYSCOHADA da sabon salonsa ya fara aiki a 2018, aiki da Excel, da shaidar horon sanin makamar aiki. Mai jin Fulatanci ko Buzanci ban da Hausa da Faransanci ya fi sauƙin hulɗa da makiyayan yankin.

Masu shirin tsallakawa Najeriya na da darasi a gabansu. A Janairun 2024 gwamnatin ƙasar ta dakatar da tantance digirin jamhuriyar Benin da Togo, bayan ɗan jarida Umar Audu ya bankaɗo yadda ya samu digiri daga Kwatano cikin mako 6. Matakin ya shafi har ɗaliban da suka yi karatunsu tsakani da Allah.

Don haka kafin a kora saniya kasuwa, ya kamata a nemi makaranta ta nuna takardar izininta da shaidar amincewa da kwas ɗin, a kuma bincika inda tsofaffin ɗalibanta ke aiki yau.