Talaka Cikin Tagulla: Mutum-mutumin Titi a Biranen Ƙasar Sin

Kafin a shiga bayani, wajibi ne a rarrabe kalmomi biyu waɗanda a kan gwama su, watau gunki da mutum-mutumi. Gunki shi ne abin da aka ƙera domin bauta. Mutum-mutumi kuwa siffa ce kurum, ba a yi masa sujada, ba a roƙonsa kome. Siffofin da za a yi magana a kansu nan duka na kashi na biyu ne. Tagullar da a ke zuba su da ita jan ƙarfe ne gauraye da kuza. Sinawa na ce da ita qingtong, watau koren jan ƙarfe, saboda launin da ta kan rikiɗe zuwa gare shi idan ta daɗe.

Tun zamanin daular Shang, fiye da shekara 3,000 da suka wuce, Sinawa suka gwanance da zubin tagulla, amma fa kayan sarauta ce da na hadaya. Wata tukunya da aka tono a Anyang cikin 1939 nauyinta ya zarce kilo 800. A ƙarni na 20 kuma shugabanni da jarumai aka fi ɗorawa bisa dogayen dakula, mai kallo sai ya ɗaga kai. Ko da aka siffanta talakawa, kamar siffofi 114 na manoma da masu karɓar galla da aka yi a lardin Sichuan cikin 1965, da yumɓu aka yi su, kuma misalin zalunci aka nufa da su, ba wani mutum takamaimai ba.

Inda al'amarin ya sake sosai shi ne Shenzhen, birnin da ya bunƙasa bayan an keɓe shi domin ciniki da masana'antu cikin 1980, wanda galibin mazaunansa baƙi ne. Ran 29 ga Nuwamba, 1999, masu zane da maƙera suka fita titi, suka tsai da mutum 18 waɗanda suka ci karo da su, suka nemi yardarsu. Cikinsu akwai ɗalibi, da likita, da ma'aikacin banki, da mai shara, da mai neman aiki, da mace riƙe da karenta. Aka ɗauki siffar jikin kowannensu a mazubi, sa'an nan aka zuba tagulla daidai tsayinsa. Cikin 2000 aka kafa su a unguwar Yuanling, ƙafafunsu a ƙasa, kafaɗa da kafaɗa da masu wucewa. A bayansu aka sassaƙa labarin wannan rana jikin bangon baƙin dutse: yanayin gari, da farashin kayan miya, da na hannun jari. Sunan aikin Yini Guda na Mutanen Shenzhen.

Abin lura a nan shi ne, babu wani abin mamaki da ya auku a wannan rana, kuma ba wanda aka zaɓa don wata bajinta. Sinawa na kiran talakawa laobaixing, ma'ana tsofaffin sunaye ɗari, watau jama'ar da a kan ambata a dunƙule, ba a ware kowa. Wannan aiki ya warware dunƙulen, ya ba mutum ɗaya ɗaya ƙarfen da a dā sai sarki.

Amma saukowa daga dakali na da nasa haɗari. A Shanghai an kafa siffar wata yarinya mai buga waya a titin Huaihai cikin 1996, mutane suka shaƙu da ita ƙwarai. Cikin 2000 ɓarayi suka ɗauke ta saboda kuɗin ƙarfenta, sai a 2006 aka kafa wata a madadinta. Abin da hannu ke iya shafawa, hannu na iya sacewa.

Akwai kuma haɗari na biyu, wanda ya fi wannan ɓoyuwa. A titin Wangfujing na Bejin, wanda aka gyara cikin 1999, an tsai da siffar wanzami yana aski, da ta mai jan keken fasinja, da ta makaɗa. Waɗannan sana'o'in tsohon birni ne, an kuwa zuba su a lokacin da a ke rushe tsofaffin lungunan da irin masu su suka zauna. Saboda haka siffar titi iri biyu ce: wata tana shaidar mai rai, wata tana ta'aziyyar abin da ya shuɗe. Mai son fahimtar kowace siffa cikinsu, sai ya fara tambaya ko mai ita yana nan cikin taron da ke kewaye da ita, ko kuwa tagullar kaɗai ta rage.