Baƙo ya yini a cikin gari, ya kwana a waje

Da rana ake ganinsu a cikin birnin Kano: ɗalibai a motar makaranta, 'yan Nijar da suka zo saro kaya, wani lokaci Bature da kyamara a wuya. Su leƙa Gidan Makama, su tsaya a Ƙofar Kudu su ɗauki hoton gidan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya gina, su kutsa Kasuwar Kurmi, su je karofin Ƙofar Mata. Mai ƙarfin gwiwa ya hau Dala. Da la'asar ta yi sanyi sai a kwashe su zuwa otal-otal na Nassarawa, Bompai ko Sabon Gari. Kuɗin kwana da na abinci can suke zuwa.

Mutumin Mandawari yana da dalilin jin ciwon wannan, domin unguwarsa ma sunan baƙo ta ci. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka zo daga Mali ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite, kuma cikinsu akwai Mandawali, wanda ya zama limaminsu. Sheshe ma yana cikin ayarin. Aka sauke su, suka zauna, har unguwanni suka ɗauki sunayensu.

Kano ta yi ƙarnuka tana aikin da tashar jiragen ruwa ke yi wa biranen bakin teku, sai dai ita Sahara ce tekunta, raƙuma ne jiragenta. Ayari ya taso daga Gadamas ko Agadas ya sauke a Fagge, fataken goro su iso daga Gwanja. Duk wanda ya zo kuwa sai ya kwana, shi ya sa aka sami sana'ar fatoma. Fatoma shi ne zai ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, a ɗauko masa tuwo daga cikin gida, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan ciniki ya rikice. Ladansa la'ada ce da amanar da ke sa baƙon ya dawo baɗi. Sunan unguwar Alfindiki daga kalmar Larabci ta masauki ya samo asali. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo a 1851, a cikin ganuwa ya sauka, wajen Dala.

Wasu tsofaffin tashoshin ba su saki wannan sana'a ba. Tsohon garin Zanzibar da ke Tanzaniya, a tekun Indiya, lungunansa sun kai na Kano ƙunci, amma an gyara gidajen attajiran da aka mayar da su masaukai, baƙo ya kwana a inda ya zo gani. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Agadas, wadda ginin ƙasa ne irin namu, ta shiga a 2013. Ganuwar Kano tun 2007 take layin jira, kuma kullum ana cin ta da gine-gine.

Akwai abin da ke sa mutanen cikin gari ɗari-ɗari, kuma ba a raina shi: da an ce otal, sai a tuna da baɗala. Babu magidancin da zai yarda a buɗe masa irin wannan a jikin gidansa. To amma gidan fatoma bai taɓa zama haka ba. Tsarin gidan Bahaushe ya riga ya raba: zaure da shigifa na baƙi ne, cikin gida na iyali. Maigida ya san wanda ya sauka, mai unguwa ma ya sani.

A watan Disamba na 2024 UNESCO ta amince da hawan sallar Kano a matsayin al'adar da duniya za ta adana. Masu zuwa kallon Hawan Daushe suna buƙatar wurin kwana kusa da fada. Ya kamata Masarautar Kano da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha su zauna da masu unguwannin Mandawari, Sheshe da Alfindiki, a zaɓi ko da gidajen ƙasa biyu ko uku da magada ke shirin rushewa, a gyara su, a sa musu ruwa da wuta, a damƙa su ga mutanen unguwa su riƙa saukar baƙi.